Magajin Keffi Ɗan Yamusa da Hoton Burmi

Wanda ya saba duba tsofaffin littattafan da Turawa suka rubuta a kan cin ƙasashen Afirka ya san irin hoton nan da a kan sa tsakanin shafuka. Wani sa'i mutum ne a tsaye cikin mari, soja sun sa shi tsakiya, wani sa'i kuwa gawa ce a shimfiɗe, a ƙarƙashi an rubuta sunan mutumin da laifinsa. Ɗalibi ya kan dubi hoton, ya karanta rubutun, ya ɗauka shari'a ta ƙare ke nan. Alhali kuwa iyakar abin da hoton ya tabbatar shi ne mutumin ya faɗa hannu. Maganar laifinsa daga bakin mai rubutun ta fito, mai rubutun kuwa galibi shi ne wanda ya yi kamun. Labarin Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda Gwamna Lugga ya kira mai kisan kai, ya kuma ta da runduna daga Zariya da sunan nemansa cikin 1903, ya isa misali a kan wannan magana.

Asalin hoton masu laifi

Tun ba a daɗe da gano hikimar ɗaukar hoto ba, cikin 1839, 'yan sandan ƙasashen Turai suka soma ɗaukar fuskokin waɗanda suka kama. Wanda ya tsara aikin ya ba shi ƙa'ida shi ne Alphonse Bertillon, wani ma'aikacin ofishin 'yan sandan Faris. Wajen 1888 ya riga ya kafa dokar a ɗauki kowane fursuna sau biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, a haɗa da awon kansa da na gaɓoɓinsa, a ajiye cikin kati. Nufinsa shaida mutum ne kawai, domin in an sake kama shi kada ya sāke suna ya ɓace. Cikin wannan shekara kuma kamfanin Kodak na Amurka ya fito da ƙaramin akwatin ɗaukar hoto wanda ba ya bukatar gwani, cikin 1900 ya ƙara fito da wani mai araha da a ke kira Brownie. Saboda haka, sa'ad da hafsoshin Ingilishi suka doshi ƙasar Hausa, ɗaukar hoto ya riga ya zama abin da matafiyi ke iya yi da kansa.

Jaridu su ma sun gane kasuwar da ke cikin hoton mai laifi, tun ba ɗan fashin ƙauye wanda ya gagari hukuma ba. A ƙasar Italiya an yi wani Giuseppe Musolino, mutumin lardin Kalabiriya, wanda ya tsere daga kurkuku cikin 1899, ya shiga duwatsu, ya yi ta kashe waɗanda ya ce sun yi masa shaidar zur. Cikin Oktoba 1901 aka kama shi nesa da ƙasarsu, aka kai shi gaban shari'a a birnin Lucca cikin 1902, aka ɗaure shi rai da rai. Kamanninsa sun cika jaridu, amma akwai alƙalai da shaidu da lauyoyi a bayan hoton, akwai kuma takardun shari'a waɗanda mai bincike ke iya dubawa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, gama cikin shekarar da aka yi wa Musolino hukunci ne abin Keffi ya auku.

Akwai kuma wani irin hoto dabam, wanda ba ruwansa da shari'a. Ran 22 ga Afrilu 1900 Faransai suka kashe Rabeh a Kusuri, kusa da tafkin Chadi, aka sare kansa, aka ɗauki hoton wani soja yana riƙe da shi a tsire, hoton ya kai har jaridun Faransa. Wannan hoton ganima ne. Ana ɗaukarsa don a gaya wa na gida an ci nasara, a gaya wa waɗanda aka ci kada su ƙara sa rai.

Arewacin Zazzau cikin 1902

Ƙasar da ke tsakanin Zariya da iyakar Kano, watau inda Kudan da Makarfi da Ikara su ke, ƙasar noma ce mai yawan fadamu da garuruwa masu ganuwa. Ta cikinta tsohuwar hanyar fatake ta bi. Bature Clapperton, da ya bi ta cikin 1826, ya ambaci Likoro da Ruma da Auchan kafin ya kai Bebeji. Ganuwar ƙananan garuruwan nan ba don ado aka yi ta ba. Ƙarshen ƙarni na goma sha tara ya tarad da talakawan wannan yanki tsakanin mahara biyu, Ningawa daga gabas, daga yamma kuma Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa aka buga cikin 1954, ta ba da labarin yadda a ke sace mata da yara a bakin iyakar nan, dangi su yi ta haɗa kuɗin fansa.

Tsoron Nagwamatse ne ya sa Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi gudummawar Turawa. Farkon 1902 suka zo, suka kama Nagwamatse, suka girke soja a Zariya, suka ajiye Kyaftin Abadie, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Jimina, ya zama Razdan. Wanda ya zo taimako sai ya zama mai gida. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka kama Kwasau kansa aka fitad da shi daga Zariya, cikin 1903 aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. Kwasau ya rasu a Lakwaja cikin 1907.

Keffi tana can kudu, tafiyar kwanaki daga Zariya, amma a ƙarƙashin Zazzau ta ke, kowace shekara tana aiko da gaisuwa, har da bayi. Sarkin Zazzau yana da wakili a can mai sarautar Magaji. A zamanin Kwasau mai riƙe da wannan sarauta shi ne Ɗan Yamusa, jarumi ne, ƙarfinsa cikin gari ya fi na Sarkin Keffi. Ba a kuwa ɓoye cewa da hari ya tara wannan ƙarfi. Ƙabilun da ke kewaye da Keffi sun sha wuya a hannunsa kamar yadda mutanen arewacin Zazzau suka sha a hannun Nagwamatse.

Abin da ya auku a Keffi

Razdan na lardin Nasarawa a lokacin shi ne Kyaftin Moloney. Gurgu ne, ya sami rauni a wani yaƙi tun da fari, har ɗaukarsa a kan yi. Abin da ya ke nema ga Magaji shi ne ya bar hari, ya bi umurnin sabuwar hukuma. Ran Jumma'a 3 ga Oktoba 1902 ya tafi ƙofar fadar Sarkin Keffi ba tare da soja ba, ya aika a kira Magaji, Magaji ya ƙi fitowa. Mataimakinsa Webster ya shiga ciki, aka yi masa duka aka fitar da shi. Da Moloney ya aike shi ya kirawo soja, sai Magaji ya fito a kan doki ya kashe Moloney. Aka kuma kashe tafintansa Audu Timtim. Magaji da mutanensa suka yi arewa. Kabarin Moloney yana kan wani dutse a Keffi wanda a ke kira da sunansa.

Iyakar abin da kowa ya yarda da shi ke nan. Daga nan ruwayoyi suka rabu. A takardun Lugga, Magaji mai cinikin bayi ne wanda ya kashe ma'aikacin gwamnati gurgu, marar makami. D. J. M. Muffett kuwa, wanda ya yi aikin mulki a Arewa, ya bi sawun maganar, ya ji ta bakin dattawa, ya buga littafinsa cikin 1964. A ruwayar da ya kawo, tafintan ne ya yi ta juya magana tsakanin mutanen biyu, har Magaji ya tabbata kama shi za a yi a wulakanta shi. Ruwayar nan ba ta wanke Magaji daga jini ba, amma ta nuna akwai tambayoyin da alƙali zai yi in da an kai maganar gabansa: me aka faɗa wa Magaji, wa ya faɗa, kuma da wace niyya. Mutum ɗaya da ya san amsar duka, watau tafintan, ya mutu tare da ubangidansa.

Neman Magaji

Magaji ya isa Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girma, ya ba shi masauki. A idon Alu, baƙo ne Musulmi wanda ya kashe jakadan waɗanda suka zo cin ƙasa. A idon Lugga, Sarkin Kano ya ɓoye mai kisan kai. Lugga ya daɗe yana son ya gama da Kano da Sakkwato, ga kuma maganar shata iyaka da Faransai tana matsa masa, amma manyansa a London ba su son yaƙi. Jinin Moloney ya ba shi hujjar da mutanen Ingila za su gane ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja fiye da 700, da igwa da bindiga mai ruwa. Suka ratsa arewacin Zazzau, ran 1 ga Fabrairu suka fasa Bebeji, ran 3 ga wata suka ci Kano. Wanda a ke nema ba ya nan. Tun farkon Janairu Alu ya tafi Sakkwato yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, Magaji yana cikin tawagarsa. A kan hanyar komowa aka yi karo a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya faɗi. Alu ya riga ya rabu da jama'arsa, aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Har yanzu Magaji bai shiga hannu ba.

Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki tuta ya yi hijira gabas, ya bi ta tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau. Talakawa da malamai da sarakuna suka yi ta barin gonaki da gidaje suna binsa, har abin ya tsorata Turawa, gama sun ga ƙasar da suka ci tana neman watsewa. Magaji ya shiga wannan jama'a. Ran 13 ga Mayu aka yi karon farko a Burmi, kusa da kogin Gongola, Turawa suka ja da baya. Ran 27 ga Yuli 1903 suka komo da ƙarfi. Shugabansu Manjo Marsh ya mutu da kibiya mai dafi, mutanen Burmi fiye da 600 suka faɗi, cikinsu har da Sarkin Musulmi da Magajin Keffi. Wata tara da 'yan kwanaki ke nan bayan mutuwar Moloney. An ci birane biyu manya da sunan kamun mutum guda, ba a kuwa kama shi ba, ba a tsai da shi gaban kowane alƙali ba.

Hoton Burmi

Masu tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin an sare kan Sarkin Musulmi Attahiru, aka ɗauki hotonsa, aka yi ta nunawa a ƙasar Arewa don mutane su tabbata ya mutu. Dalilin a fili ya ke. Muddin ana zaton yana da rai, wanda Lugga ya naɗa a Sakkwato cikin Maris, watau Muhammadu Attahiru na biyu, ba zai zauna daram ba, hijira kuma ba za ta tsaya ba. Hoton Burmi ɗan'uwan hoton Kusuri ne, ba shi da dangantaka da katin Bertillon.

Abin lura a nan shi ne yadda magana ta sauya a kan hanya. An tashi daga Zariya ana cewa mai kisan kai a ke nema, aka ƙare da hoton kan shugaban Daular Usmaniyya, wanda ba shi ya kashe Moloney ba. Wanda ya ga hoton ba tare da sanin abin da ya gabata ba zai zaci ƙarshen wani ɗan fashi ya ke gani, domin haka aka saba nuna kawunan 'yan fashi. A ƙasar Barazil ma, cikin Yuli 1938, haka 'yan sanda suka jera kan Lampião, shahararren ɗan fashin daji, da na mutanensa goma, suka ɗauki hoto. Tsarin hoton ɗaya ne ko sarki ne ko ɓarawo, tsarin kuwa shi ke fara yi wa mai kallo magana tun bai karanta rubutun ba.

Hoton bai cim ma dukan abin da aka so ba. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har ƙasar Sudan, suka zauna a bakin kogin Nil, a garin da a ke kira Mai Wurno. A ƙasar Hausa kuma, abin da aka nuna don ƙasƙanci sai ya zama abin tunawa da shahada.

Hoto da shaida

Domin a gane yadda mutanen Zazzau na wancan zamani za su ɗauki irin wannan hoto, sai a tuna da abin da suka sani game da shari'ar jini. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Zariya ke hukunci da ita, suna karanta ta cikin Risala da Muhtasar, kisan kai yana tabbata ta hanya uku: mai laifi ya yi iƙirari da bakinsa, ko adalai biyu su yi shaida, ko kuwa, in akwai alama mai ƙarfi, magadan mamaci su yi ƙasama, watau rantsuwa hamsin. In ya tabbata, magada ke da zaɓin ƙisasi ko yafewa, ko a daidaita a kan diyya, sai fa kisan gilla da fashi, waɗanda hukuncinsu na hannun sarki. Kowace hanya cikin ukun nan tana bukatar mutum mai rai wanda za a tambaya, a kuma bincika adalcinsa. Hoto ba ya rantsuwa, ba a kuma iya yi masa tambaya.

Shari'ar Ingila ita ma ba ta ɗauki hoton wanda aka kama a matsayin hujjar laifinsa ba. Turawa sun san haka, gama da aka zo kan Satiru sun bi wata hanya. Ran 14 ga Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku da soja 25. Ran 10 ga Maris aka rushe garin, aka kashe mutane wajen 2,000. Ɗan Makaho, malamin da ya gudo daga ƙasar Faransai ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen, an kama shi da rai, sai aka miƙa shi ga majalisar Sarkin Musulmi ta yanke masa hukunci, aka kashe shi a kasuwa. Ko da ya ke shari'ar ta gaggawa ce, a ƙarƙashin inuwar bindiga, ta nuna masu mulki sun gane cewa a ƙasar Hausa bakin alƙali ya fi hoto nauyi.

Abin da ya rage ga mai koyarwa

Malamin da zai sa irin wannan hoto gaban ɗalibai, wajibi ne ya raba musu abu biyu, abin da ido ya gani da abin da alƙalami ya rubuta. Sa'an nan ya sa su nemi wanda ya ɗauki hoton, da wanda aka ɗauka dominsa, da abin da ya faru kafin a ɗauka. Amsoshin suna cikin rahotannin Razdan-Razdan da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da littattafan masu bincike irin su M. G. Smith a kan sarautar Zazzau, na 1960, da R. A. Adeleye a kan faɗuwar daular, na 1971, da kuma abin da zuriyar mutanen garuruwan suka riƙe. Bakin Keffi dabam ne da bakin ƙabilun da Magaji ya hara, bakin Kano kuma dabam ne da na ƙauyukan da runduna ta ratsa. Wanda ya ji ɗaya ya bar saura bai gama aiki ba.

Wannan horo yana da amfani har ga abin da ya shafi zamanin ɗaliban. Cikin Maris 2018 aka kashe Buharin Daji, shugaban 'yan fashin daji a Zamfara, hoton gawarsa ya bazu cikin wayoyin mutane kafin gari ya waye sau biyu. Ba a haɗa shi da mutanen Burmi ta wajen hali ko manufa, amma aikin da aka sa hoton ya yi iri ɗaya ne, watau ya ce wa jama'a magana ta ƙare. Ba ta kuwa ƙare ba, kashe-kashen suka ci gaba shekaru bayan haka, waɗanda ya kashe wa dangi ba su sami ranar tsayawa gaban alƙali ba, ba a kuma ji daga bakinsa su wa ke sayar masa da makamai ba.

Ɗan Yamusa ya kashe Moloney, wannan ba shakka. Ya kuma kama bayi, wannan ma ba shakka. Amma ko kisan nan gilla ce, ko kare kai ne, ko yaƙi ne tsakanin hukuma biyu da ke jayayya a kan ƙasa ɗaya, wannan hukunci ne da ba a taɓa zama aka yanke ba, domin waɗanda ke da ikon kafa shari'ar sun zaɓi runduna. Nauyin ya komo wuyan masu tarihi, su kuwa ba su da mari ko kurkuku, sai haƙurin sauraron kowane ɓangare da auna maganarsa.